Zuwa ga Mai Dawaki, daga gindin dogonyaro

Assalamu alaikum mutumina Mai Dawaki,

Ya gida ya iyali, ya sanyin Kanada? Mu nan Sakkwato zafi ya kankama, ka san halin Afrilu, tun ƙarfe goma na safe iska in ta taso kamar daga bakin tanda ta fito. Maman yara na gaida madam, 'yan gindin dogonyaro kuma duk suna cigiyarka, har mai shayinmu, shi har gobe in ya ga wani ya kafa doki tsakiyar allon ces sai ya ce wanga irin wasan mutuminku ne da yat tafi ƙasar ƙanƙara.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwa haka, ba irin "ya kake" ta WhatsApp ba, wani abu ne ya same ni Asabar biyu da sunka wuce kuma wallahi ya hana ni sukuni, na duba na ga duk garin ga babu wanda zai gane zafin abin in ba kai ba.

Akwai wani yaro da ke zuwa wurinmu yanzu, bai wuce shekara goma sha biyar ba, ɗan Mabera, a waya ya koyi ces, a dandalin intanet na Lichess shike bugawa dare da rana, wasan minti uku-uku. Kullum buɗi guda gare shi in shina da farare, d4 sannan giwa ta fito f4, wanga da aka ce ma London. Ranar ni ke da farare, munka sa agogo minti 25 kowa, na matse shi tun tsakiyar wasa na ci dakare guda, munka yi ta musaya har allo ya rage sarkina, hasumiyata da dakare ɗaya, shi kuma sarki da hasumiya. Bari in jera maka yadda suke don ka gani da idonka: sarkina b8, dakarena b7, hasumiyata c1, nashi sarki d8, hasumiya a2. Ka gane ko? Lucena ce tsaf, sanannen matsayin nan na ƙarshen wasa da mai dakare ke ci in ya san hanya, wadda ni da kai munka haddace tun muna ɗalibai a Danfodiyo, wadda ni da bakina na koya ma yara sun fi ashirin. Ka ba sarki cek a d1 ya matsa e7, ka ɗaga hasumiya zuwa d4, sannan sarkinka ya fito ta c7, ya yi ta cin cek yana saukowa, b6, c6, b5, in anka sake ba shi cek sai hasumiya ta gitta b4 ta tare, gada ta ginu, dakare ya zama sarauniya. Shi ke nan fa.

To na ba da cek ɗin d1 daidai, yaro ya matsa e7. Daga nan kaina ya ɗauke. Ina kallon allo ina jin akwai abin da ya kamata in yi kafin sarki ya fito amma ya ƙi zuwa, agogo saura ƙasa da minti biyu, mutane sun zagaye mu har mai shayi ya bar tukunya ya zo ya tsaya, sai na samu kaina ina jiran wani ya gaya min, idona na neman gefen allo inda inji, manhajar da ke lissafa taku, ke nuna takun da ya fi a kwamfuta. Babu komai nan sai kofin shayi. Na fiddo sarki c7 haka nan, ya bi ni da cek, b6, cek, c6, cek, b6, na kasa tsayawa in koma b8 in sake lale, har matsayi guda ya maimaitu sau uku yaro ya ɗaga kai a hankali yac ce "Baba, kunnen doki ne." Da ladabinshi ya faɗa, har ya ɗan russuna da ya miƙo hannu. Na hau mashin na nufi gida, ina kai wa Gawon Nama d4 ta faɗo min a rai kamar an mare ni.

Ba canjaras da yaro ke damuna ba, na sha yin kunnen doki da waɗanda ba su kai shi ba, kuma yaron nan in ya samu mai riƙe mai hannu za ka ji sunanshi nan gaba. Wancan waigen da idona ya yi zuwa gefen allo, shi ne ya tsaya min a wuya.

Ka san shekarun nan tun da ka tafi na faɗa wasan nesa gadan-gadan, na ICCF, ƙungiyar duniya ta masu ces ta hanyar aika taku. Dalili kuwa ka san shi, gasa mai maki ta FIDE, hukumar ces ta duniya, kusan duk Legas ko Abuja aka yin ta, mai iyali da aikin gwamnati ba kullum zai ɗauki hanya ba, ga kuɗin mota ga masauki ga halin da hanya ke ciki. Wasan nesa kuwa kana ɗakinka kana karawa da mutumin Jamus da na Ajantina lokaci guda, taku goma cikin kwana 50, wasa ɗaya ya kwashe shekara ko fiye. Kuma a dokarsu an yarda ka yi aiki da inji, ba maguɗi ba ne, kowa na yi. Da farko na ji daɗin abin ƙwarai. Na koyi buɗin Najdorf zurfin da ban taɓa zato ba, akwai layin da na bi har taku na ashirin da wani abu ina rubuta rassa cikin littafin aji mai layi-layi. Amma sannu a hankali sai aikin nawa ya koma gadin kwamfuta, in kunna injin Stockfish bayan isha'i in jingina laftof kan bulo biyu don iska ta shiga ƙarƙashinta, fankarta na kuka kamar za ta tashi sama, in kwanta ina addu'ar kada a ɗauke wuta kafin batirin sola ya kai asuba, da safe in duba abin da tac ce in tura. Wancan mutumin na Jamus shi ma haka shike yi da tashi na'urar da ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙarshe canjaras. Wasanni goma na baya da na gama, tara canjaras ne, guda ɗayan kuma na ci ne don mutumin ya daina turo taku lokacinshi ya ƙare, ban ma san ko lafiya ba. Can sama wurin manyansu ma haka abin yake, kusan duk wasa kunnen doki.

Ba ina zagin wasan nesa ba ne fa, kar ka ji ni ba daidai ba. Akwai gwanintar gaske cikinshi, sanin inda inji ke ruɗewa, irin matsayin da ya toshe inji na ta nuna maka kana gaba alhali babu ƙofar shiga, da zaɓen buɗin da zai bar wasa da rai. Waɗanda sunka iya wannan ina cire masu hula. Ni dai abin da nag gani a kaina shi ne na bar ma inji har abin da ya kamata ya zauna cikin hannuna. In allo ya rage 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka, akwai rumbun da anka riga anka lissafe komai, ka zuba matsayi ya gaya maka ci ne ko canjaras da taku nawa. Shekara nawa rabona da in buga hasumiya da dakare da kaina? Na lissafa, ta fi shida.

Ka tuna Malam, Allah ya jiƙan shi, da akwatin katunanshi? Ranar da na dawo daga wancan wasan shi na yi ta tunawa. Yadda zai taka keke zuwa gidan waya ya jefa kati mai taku guda, ya dawo ya jira mako uku ko wata kafin amsa ta iso, allon kuma na nan jere kan tebur an rufe da ƙyalle kada yara su taɓa. Shi ya koya muna rubutun lamba na 'yan wasan nesa, don kowace ƙasa da yadda take kiran doki da giwa, sai anka mai da haruffan allo a zuwa h lamba 1 zuwa 8, e2 zuwa e4 ya zama 5254, doki daga g1 zuwa f3 7163. Shi ya fara gaya muna sunan Purdy ɗan Ostireliya, zakaran duniya na farko a wasan wasiƙa a 1953. Malam zai zauna gaban matsayi guda sati biyu, ya ɗaga ɗa ya mayar, ya je masallaci ya dawo ya sake zama. In ya tura kuskure nashi ne, in ya tura mai kyau ma nashi ne, kuma bai taɓa mance gada ba har tsufa ya kama idonshi.

Wani daga cikin 'yan kulob ya so ya lallashe ni, yac ce ai ko Ding Liren, yana zakaran duniya, ya yi wadda ta fi wagga. Gaskiya ne, mun kalli wasan nan tare a waya Disambar 2024, wasa na 14 a Singafo, kowa ya sallama canjaras ne za a tafi wasan sauri, sai ga Ding ya kai hasumiya f2 a taku na 55 alhali giwarshi na maƙale a lungun a8, Gukesh ya musanya hasumiya ya tilasta musayar giwa, ya rage sarki da dakaru kuma shi ke da ƙari, yaro ɗan shekara 18 ya zama zakaran duniya. Na tausaya ma Ding sosai ranar, yadda ya dafe kai. Amma nashi gajiya ce da nauyin kambu bayan makonni ana gumurzu. Nawa daban ne, na san daga inda ya fito.

Don haka na ɗauki mataki. Wasannin ICCF huɗu da sunka rage min zan ƙarasa su don ba kyau ka bar mutum rataye, amma ban sake shiga sabuwar gasa ba. Kullum bayan sallar asuba kafin zafi ya taso ina shimfiɗa tabarma tsakar gida in jera allon nan namu na leda, wanda hasumiya baƙa guda ta ɓace muna sa marfin kwalba, har yau marfin ne. Minti arba'in, babu waya kusa. Lucena, kariyar Philidor da hasumiya kan layi na shida tana hana sarki shigowa sai dakare ya taka sannan ta koma baya ta yi ta cek, sarki da dakare da wa zai ba wani hanya. Ina bugawa da hannu ɓangare biyu ina faɗa da baki. Ƙaramar ɗiyata ta fara zama gefena, ita ke riƙe baƙaƙe yanzu, jiya ta tambaye ni don mi doki shi kaɗai ke tsallake mutane.

Kawu kuwa har yau bai sauka daga matsayinshi ba, ya gan mu kan tabarma yac ce ai Risala ta faɗa ƙarara bai halatta a yi wasan shaɗaranji ba. Ban yi mai gardama ba don haka ne a rubuce, na dai ce mai a wurin Imamu Shafi'i makaruhi ne matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Abin na raina ina kuma auna shi da gaske. Shi ya sa a gindin dogonyaro doka biyu ba mu sassauta su ba tun kana nan, ko naira ɗaya ba a ajewa kan wasa, kuma da an kira magariba ana tsai da agogo ko da saura taku guda ka kashe sarki.

Kulob ya cika fiye da yadda ka bar shi. Tun da Tunde Onakoya ɗan Najeriya ya yi zaman nan na awa 60 yana buga ces a New York a 2024 iyaye sunka fara kawo yara da kansu, wasu ma daga Arkilla da Runjin Sambo. Allo biyar gare mu agogo biyu, saura da waya aka auna lokaci. Tsofaffin nan masu dara na gefe suna nan da ramukansu talatin cikin ƙasa, har yau suna mamakin yadda mutum biyu za su zauna awa guda ba wanda ya tanka ma wani. Damuwata da yaran ita ce duk buɗi sunka sani da tarko, ka tambaye su sunan kowane layi su faɗa maka, amma in allo ya yi fili sai su fara kallon sama. Na ce daga wata mai kamawa duk Lahadi rabin awa na farko ƙarshen wasa za mu yi, kuma yaron Mabera na ce shi zai riƙe fararen Lucena gaban kowa ni in kare, in ga ko ya san abin da ya tsallake ranar.

Yanzu ga roƙona, kuma dan Allah kada ka ce aiki ya yi yawa. Ina so ni da kai mu buga irin ta Malam. Taku guda duk kwana uku, ko mako in dusar ƙanƙara ta rufe ka, ta WhatsApp ɗin ma ya isa. Babu inji, babu rumbu, littafi na takarda kaɗai in kana da shi, kuma allo na gaske za ka jera a ɗaki ka ɗauko hoto in gani, kar ka ce min cikin waya. Ban buƙatar rantsuwa daga gare ka, shekara ashirin da wani abu muna zama gaba da gaba ban taɓa ganin ka ɗaga ɗa ka mayar ba. In ka samu mai zuwa gida kafin babbar salla ka aiko muna da agogo ko guda biyu ne, ni kuma kilishinka na nan zan ba shi ya kai maka.

Ni ke da farare tunda kai ka riƙe su a wasanmu na ƙarshe daren da za ka tafi. Na riga na jera, na rufe da ƙyalle. Ga takuna: 5254. Na san halinka 3736 za ka turo ka ɓuya bayan buɗinka na Caro-Kann, amma in ƙasar sanyi ta ƙara maka zuciya turo 3735 mu shiga Najdorf, littafina mai layi-layi na ba maman yara ta kulle cikin akwati.

Ka gaida yara da kyau.

Naka,
abokin zamanka na gindin dogonyaro, Sakkwato