Don Allah a riƙa ba gasar 'yan dagaji fili a shafin wasanni

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ku da duk ma'aikatanku. Ƙorafi ne ya sa na rubuto, shafinku na wasanni kullum Firimiya ne da La Liga da Gasar Zakarun Turai, sai ka ce da kulob ya faɗa ajin 'yan dagaji shi ke nan ya daina buga ƙwallo. Wallahi ni a ganina can ƙasan ma aka fi zafin wasa, kuma kakar 2024/25 ta Championship, wato aji na biyu a Ingila, ta ishe ni hujja.

Lig ne mai kulob 24, kowa zai buga wasa 46 daga watan Agusta zuwa Mayu, Asabar wasa Talata wasa, ba hutu ba numfashi. A tsarin waccan kakar, biyun farko su haura Firimiya kai tsaye, na 3 zuwa na 6 su yi wasan cike gurbi a samu ɗaya da zai bi su, ukun ƙarshe kuma su gangara League One, wato aji na uku. Shi ya sa har watan Afrilu da wuya ka ga kulob ɗin da ba shi da abin nema ko abin tsoro.

To a waccan kakar Leeds da Burnley kowacce maki 100 ta haɗa, Leeds ta ɗau kofin ne da bambancin ƙwallaye kawai. Burnley kuwa ƙwallo 16 kacal aka zura mata a wasa 46, don Allah ku duba wannan, da a Firimiya wani ya yi haka ai da sati guda kuna ta rubutu a kai.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Sheffield United. Maki 90 suka gama da shi duk da an zaftare musu 2, suka zo na 3, a wasu shekarun wannan makin ya isa ya haurar da kulob ba tare da wata wahala ba. Sunderland ita kuma ta 4 da maki 76, tazarar maki 14, kuma wasa biyar na ƙarshen lig duk kashi ta sha, mutane da yawa sun riga sun cire rai da ita. A wasan kusa da na ƙarshe na cike gurbi da Coventry sai da aka kai ƙarshen ƙarin lokaci Dan Ballard na Sunderland ya ci da ka ya fitar da Coventry. Ranar 24 ga Mayu 2025 a wasan ƙarshe a Wembley Sheffield ce ta fara ci, Mayenda ya farke wa Sunderland, sannan ana dab da tashi yaro Tom Watson ɗan shekara 19 ya karɓi ƙwallon da ɗan gaban Sheffield ya yi kuskuren bayarwa, ya shimfiɗa ta ƙasa a kusurwar raga, 2-1. Sunderland, kulob ɗin da ya faɗo daga Firimiya a 2017, ya sake faɗawa a 2018, ya yi kaka huɗu a League One magoya bayansa ba su daina cika fili ba, ya koma Firimiya. Na tausaya wa Sheffield sosai, aikin wata tara ya tafi a minti ɗaya, amma dai ba zan so a soke cike gurbin nan ba, don shi ne yake sa na 8 da na 9 su ci gaba da zage damtse har ranar ƙarshe.

A ƙasan teburi kuma ga Luton, wadda a 2014 ta fito daga aji na biyar, wanda ke ƙasa da League Two, ta kai Firimiya a 2023, sai ga ta ta faɗo a 2024, a 2025 kuma West Brom ta ci ta 5-3 ranar ƙarshe ta bi Plymouth da Cardiff zuwa League One, ita ma da bambancin ƙwallaye. Faɗuwa irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuɗin talbijin ya ragu, a sayar da 'yan wasa, a rage albashi, wani lokacin har ƙananan ma'aikatan kulob su rasa aiki.

Sannan akwai maganar da ya kamata masu sharhinku su tona, kulob ukun da suka haura a 2023 duk sun faɗo a kakar farko, haka ma Leicester da Ipswich da Southampton da suka haura a 2024. Ramin kuɗi tsakanin ajin biyu ya yi faɗi da yawa, ga kuɗin tallafin da ake ba wanda ya faɗo daga Firimiya yana sa ya fi sauran ƙarfi a ƙasa, kusan kulob-kulob ɗin nan ne dai ke ta hawa da sauka.

Ba na cewa ku rage labarin manyan ba, roƙona ko rabin shafi ne duk sati, a sa sakamako da teburi da ɗan sharhi kan masu neman haurowa da masu gudun faɗuwa, in da hali a haɗa da aji na biyu na Sifaniya da Jamus da Italiya. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu a kullum