Wasiƙa daga Teksas kan fatsar kifin bas

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Yaya Yawuri, yaya ruwa bana? Ka tambaye ni ko ina taɓa ƙugiya tun zuwana jihar Teksas ta Amurka. Ina taɓawa kuwa, sai dai fatsar nan ta sha bamban da tamu.

Kifin da mutanen nan suka fi so shi ne bas mai faɗin baki. In ka gan shi sai ka ce ƙanin giwan ruwa ne, amma ko kusa bai kai shi girma ba. Mafi nauyi da aka amince da shi a hukumance kilo 10 ne da 'yar ɗoriya. George Perry ya kama shi a 1932 a tafkin Montgomery na jihar Jojiya, kuma sai a 2009 Manabu Kurita ya kama kamarsa a tafkin Biwa na Japan. Abin da ya sa ake sonsa faɗa ne. Da ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai don ya tofar da ita.

Yawancin masuntan nan tanar roba suke sawa. Akwai ɗaurin da ake kira na Teksas: a zura dalma mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, sannan a cusa tsininta cikin jikin tanar. Da haka kana iya jefawa tsakiyar ciyawa ko rassan da suka nutse ba ta maƙale ba, kuma can ne bas yake laɓewa. Ka bar ta ta kai ƙasa, ka ɗaga sanda a hankali, ka sake ta. Akwai kuma kwaɗon roba da ake ja a saman ganyen bado da sassafe. In kifi ya kawo masa cafka, kada ka fizga nan take, jira sai ka ji nauyinsa.

Amma a ganina, aminina, sirrin yana ga zare, kuma saboda shi na zauna rubuta maka. Iri uku ne. Na leda irin namu yana da araha, yana yawo a saman ruwa, yana kuma miƙewa, shi ya sa in kifi yana nesa ƙugiya ba ta shiga sosai. Na biyu, fulorokabon, nutsewa yake yi, kuma kifi ba ya ganinsa sosai, don haka shi ake sawa a ruwa garai-garai tare da tanar roba. Na uku saƙaƙƙe ne, siriri amma da ƙarfin gaske, ba ya miƙewa ko kaɗan. Ko ɗan taɓi kifi ya yi za ka ji a tafin hannunka, kuma yana yanka ciyawa in kifi ya shige ciki. Aibinsa shi ne ana ganinsa, shi ya sa ake ƙulla masa guntun fulorokabon a baki.

Lokacin da ruwa ya fara ɗumi bayan sanyi, bas yana matsowa gaɓa ya yi ƙwai, namijin yana gadin gurbi. Yawancin masunta nan in sun kama sai su mayar da shi ruwa. Wannan ya burge ni ƙwarai, musamman in na tuna yadda raga mai ƙananan ido take kwashe 'ya'yan kifi a Kainji.

Zan aiko maka da saƙaƙƙen zare da tanar roba ta hannun mai tahowa gida. Ka gwada su a kan ƙananan giwan ruwa wajen duwatsu, ka kula kada zaren ya yanke maka yatsa in ka ja da hannu. Ka rubuto mini yadda ta kaya.

A gaida Inna da kyau, a shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka