A daina ƙirga dashe kawai, a fara auna halin itatuwanmu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan dashen itatuwa. Duk shekara idan damina ta kankama sai mu ga hotunan manya sun durƙusa suna dasa bishiya, a ce mana an raba dashe dubu kaza. Abin da ba a faɗa shi ne wace irin bishiya ce, me za ta yi wa ƙasar da aka sa ta, kuma wace ce aka sare kafin ta zo. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan cikin birni, kuma wannan tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Akwai wata baiwar Allah 'yar ƙasar Ajantina, Farfesa Sandra Díaz ta Jami'ar Córdoba, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan irin wannan tambaya. An haife ta a 1961 a wani gari mai suna Bell Ville. Ta yi karatu a ƙasarsu, ta je Sheffield ta Ingila ta yi aiki da masanin tsirrai Philip Grime, daga nan ta koma gida ta ci gaba da shiga busassun dazuzzukan yankinsu. Aikinta ba mai ɗaukar ido ba ne. Ta tsinko ganye, ta auna faɗinsa, ta busar da shi, ta ɗora a sikeli, ta auna nauyin iri, ta duba taurin kara, ta rubuta. Shekara da shekaru ita da ɗalibanta suna wannan. A lokacin masana da yawa sun fi damuwa da yawan nau'o'in tsirrai da ke wuri guda, wato idan daji yana da iri ɗari ya fi mai iri hamsin. Ita kuwa ta dage cewa lissafin sunaye bai wadatar ba. Abin da ke sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta yi taki, ta ciyar da dabba, shi ne halin tsirran da ke kanta da kuma yadda halayen suka bambanta da juna.

Daga irin wannan aiki ne aka kafa rumbun bayanai na duniya mai suna TRY a 2007, wanda ke zaune a cibiyar Max Planck da ke Jena a Jamus, kuma tana cikin waɗanda suka assasa shi. A 2016 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamako a mujallar Nature bayan sun duba tsirrai sama da nau'i 46,000. Siffofi shida kacal suka ɗauka: tsawon tsiro, taurin kara, faɗin ganye, nauyin ganye gwargwadon faɗinsa, yawan sinadarin naitirojin a cikinsa, da nauyin iri. Sai suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin tsirran nan yana bin hanya biyu ne. Ta farko girma: dogon itace mai babban iri a gefe guda, ƙaramar ciyawa mai ɗan mitsitsin iri a ɗaya gefen. Ta biyu tattalin ganye: akwai ganye mai laushi da ke fitowa da wuri, dabba ta so shi, ya ruɓe da wuri ya zama taki, akwai mai kauri da tauri da ke jure fari, ya daɗe a jikin reshe, ya daɗe a ƙasa bai ruɓe ba.

Edita, duk manomin da ke Gezawa ko Minjibir ya san wannan magana, ko da bai taɓa riƙe sikelin ɗakin gwaji ba. Ya san abin da ya sa ba ya sare gawo a tsakiyar gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke neman rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Saiwarsa na nutsawa can ƙasa neman ruwa, ba ta kokawa da ta hatsi, kuma tana ƙara wa ƙasa naitirojin. Dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na nesa da shi. Kuka kuwa jikinta laushi gare shi, ruwa take tarawa a ciki, ga miya a ganyenta. Ƙirya tauri gare ta, shi ya sa maƙera ke neman gawayinta, masassaƙa ke neman ta don turmi. Bagaruwa ita ce ta riƙe majema tun kaka da kakanni. Ɗorawa ta ba mu kalwa, kalwa ta ba mu daddawa, kuma jemagu ne ke ɗaukar mata ƙurar fure da dare, kamar yadda suke yi wa kuka. Wanda ya ƙarar da jemagu a gari ya taɓa miyar gidansa bai sani ba.

To idan aka sare duk waɗannan aka dasa darbejiya da turare, a takarda lissafi ya cika, har ma ya yi rara. A ƙasa kuwa an yi asara. Ba na raina darbejiya. Daga Indiya aka kawo ta, ta karɓi ƙasarmu, tana girma da wuri, tana jure fari, kuma ba don ita ba da titunan Kano da farfajiyar makarantu sun gagari zama da bazara. Amma ba ta ba da daddawa, ba ta jeme fata, dabba ba ta cin ganyenta sai yunwa ta kai mata iyaka. Turare kuma ga shan ruwa, ga shi ba kasafai wani abu ke tsira a gindinsa ba. Cika gari da iri ɗaya ko biyu tamkar a ce kasuwar Kurmi kowa gishiri yake sayarwa: rumfuna a cike, amma mai neman allura sai ya koma gida hannu rabbana.

Wannan tunani ne ya kai Farfesa Díaz ga jagorantar babban rahoton duniya kan halin da halittu ke ciki, wanda IPBES, hukumar ƙasashen duniya mai nazarin halittu da muhallinsu, ta fitar a Faris a watan Mayun 2019. Su uku suka shugabanci aikin, ita da Josef Settele na Jamus da Eduardo Brondízio ɗan Brazil. Rahoton ya ce kimanin nau'i miliyan ɗaya na dabbobi da tsirrai na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ɗan Adam ya riga ya sauya kusan kashi uku cikin huɗu na doron ƙasa. Abin da ya fi burge ni a rahoton shi ne yadda ya ba wa ilimin mutanen karkara muhimmanci, bai ɗauke shi a matsayin tatsuniya ba.

Mu ma muna da shaida a kusa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya nuna cewa manoman kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, suna raya itatuwa masu amfani a gonakinsu da gangan. A Maraɗi kuma, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen da ke tohowa suna gyara shi maimakon tumɓuke shi, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, akasarinsu irin na gida, ba tare da an ɗauko dashe a mota ba.

Abin da ke damuna shi ne su wa za su auna namu. Ina da ɗalibai, mata da maza, masu kaifin basira da son tsirrai, amma da zarar an zo cike takardar jami'a sai iyaye su ce likita ko ba komai. Wanda ya faɗa sashen nazarin tsirrai kallon wanda ya rasa gurbi ake yi masa. Idan ya gama, ya yi ɗan bincike na wata shida don digiri, sai a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Alhali aikin Díaz ya yi nauyi ne saboda ta zauna a kan tambaya ɗaya sama da shekara talatin, kuma ƙasarta tana da hukumar bincike, CONICET, da ke biyan mutum albashi don ya yi bincike. Kayan aikin ma ba su fi ƙarfinmu ba: sikeli mai kyau, murhun busar da ganye, tef na awo, kwamfuta. Ita da abokan aikinta sun wallafa jagora a 2013 da ke bayyana yadda ake auna kowace siffa daki-daki, don wanda ke Kano da wanda ke Córdoba su auna iri ɗaya.

Saboda haka ina kira ga Cibiyar Nazarin Noman Yankunan Fari ta Jami'ar Bayero, da jami'ar Wudil, da kwalejin noma ta Dambatta, su keɓe filaye na dindindin a dajin Falgore da gonakin karkara, inda za a riƙa auna itatuwa da ciyayi iri ɗaya kowace shekara, ɗalibi ya gaji ɗalibi. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta ware wa irin wannan aiki kuɗi na shekaru, ba na zango ɗaya ba. A tafi da tsofaffin manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya, a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a kuma biya su ladan lokacinsu. Gandun renon dashe na gwamnati su ware kaso na gawo, ɗorawa, tsamiya, kanya, aduwa, ɗinya da magarya, ko da sun fi jinkirin girma.

Kai kuma, Edita, ina roƙon idan wakilinka ya je bikin dashe na bana, ya tambayi sunan kowace bishiya da aka dasa ya buga mana, ya kuma koma wurin a watan Afrilu ya faɗa mana nawa suka tsallake rani.

Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyyar halittu,
Gwale, Kano