Rahoton Kwamitin Kafa Tashar Auna Yanayi a Gonakin Rani na Kadawa

Kwamitin da ƙungiyarmu ta manoman rani ta ɗora wa alhakin kafa tashar auna yanayi mai sarrafa kanta yana sanar da membobi cewa an kammala aikin, kuma tashar ta fara aiko da bayanai ta layin waya.

Zaɓen wuri ne ya fi ɗaukar lokaci. Wasu dattawa sun so a kafa ta kusa da rumbun ƙungiya domin tsaro, amma kwamiti bai amince ba, saboda bishiyoyin darbejiya da ke wurin za su tare iska, su kuma hana ruwan sama faɗa wa ma'auni yadda ya kamata. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce ma'aunin ruwan sama ya yi nesa da kowace bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, don haka aka koma fili buɗaɗɗe, nesa kaɗan da magudanar da ke kawo ruwan madatsar Tiga, kada laimarta ta rinjayi awon.

An zuba harsashin kankare, aka tsayar da sandar ƙarfe mai tsayin mita 10, aka ɗora ma'aunin gudun iska da alkiblarta a ƙololuwa. Ma'aunin zafi da laima yana cikin farin murfi mai ramukan shan iska, mita 2 daga ƙasa. Ma'aunin ruwan sama kuwa yana da ɗan cokali da ke kifewa duk lokacin da ya tara milimita 0.2, na'urar tana ƙirga kifewar. Faifan sola yana fuskantar kudu, an sa sandar kariya daga tsawa, an kuma kewaye wurin da shingen waya saboda dabbobi.

Ya kamata membobi su fahimci cewa tashar awo take yi, ba hasashe ba. Hasashen damina na shekara yana nan a hannun hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet. Amfanin da muke sa rai shi ne mai tumatir ya san ƙarfin iska kafin ya yi feshi, mai alkama ya bi sawun sanyin hunturu, masu rabon ruwa kuma su daina dogaro da ƙiyasin ido kawai.

Abin da kwamiti ya fi jin tsoro shi ne ƙurar hunturu, wadda ke rufe faifan sola har batir ya mutu, ta kuma toshe bakin ma'aunin ruwa. Saboda haka an naɗa matasa biyu su riƙa goge kayan kowane mako tare da yanke ciyawar cikin shinge. An miƙa rasidai ga ma'ajin ƙungiya, kuma za a karanta lissafin kuɗi a taro mai zuwa, inda za a tsayar da yadda za a riƙa biyan kuɗin layin wayar.