Tambarin R1 ba shaidar ingancin koyarwa ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata magana da ta fara yawa a bakin dillalan neman gurbin karatu a ƙasashen waje. Za ka ji sun ce wa uba, "Jami'ar da muka samar wa ɗanka R1 ce, tana sahun gaba a Amurka." Uba ya ji daɗi ya biya. Alhali abin da R1 ke aunawa daban, abin da uban ke nema daban.

R1 rukuni ne a wani tsarin rabe-raben jami'o'in Amurka gwargwadon binciken da suke yi, kuma wannan rabe-raben ba na gwamnatin Amurka ba ne. Kwamitin Carnegie kan ilimi mai zurfi ne ya tsara shi a 1970, aka fara buga shi a 1973, don masu nazari su riƙa kwatanta makarantu da takwarorinsu. Daga baya ya koma hannun Jami'ar Indiana, sannan a 2022 majalisar ACE, wadda ta haɗa manyan makarantun ƙasar, ta karɓi kula da shi tare da Gidauniyar Carnegie.

A tsarin 2025, ma'aunin biyu ne kacal: kuɗin da jami'a ke kashewa kan bincike a shekara, da yawan digirin digirgir (wato digiri na uku) na bincike da take bayarwa. Wadda ta kashe aƙalla dala miliyan 50 kuma ta yaye mutum 70 ta zama R1. Mai dala miliyan 5 da mutum 20 ta zama R2. Aka ƙara rukuni na uku ga makarantun da ke kashe aƙalla dala miliyan 2.5, ko da ba sa ba da digirin digirgir ko ɗaya. Alƙaluman kuɗin daga binciken shekara-shekara na NSF, hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa binciken kimiyya, ake ɗauko su, na digiri kuma daga rahoton da makarantu ke miƙa wa ma'aikatar ilimi. Digirin zama likita ko lauya ba ya cikin lissafin, duk da cewa a can shi ma na digirgir ake kiransa.

Kafin wannan, lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. Ana haɗa kuɗin bincike na kimiyya da na sauran fannoni, da yawan ma'aikatan bincike, da digirorin kowane fanni, a auna jimilla, a kuma auna gwargwadon yawan malamai, sannan a jera jami'o'in a yanke layi. Illarsa ita ce jami'a na iya ƙara ƙoƙari amma ta faɗo, saboda wasu sun fi ta gudu. Sabon tsarin ya sa kowa ya san inda layin yake, kuma nan take adadin ya kumbura: jami'o'in R1 sun tashi daga 146 a 2021 zuwa 187 a 2025. Cikinsu har da Jami'ar Howard da ke Washington, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata.

To ina gizo ke saƙa? Duk ma'aunin biyu na girma ne. Babu inda aka duba ko binciken ya yi kyau, ko wani ya karanta shi, balle a tambayi yadda ake koyar da ɗan aji ɗaya. Jami'a mai asibitin koyarwa da tsangayar injiniya za ta haye dala miliyan 50 cikin sauƙi, domin na'urori da gwaje-gwaje tsada gare su. Wadda ƙarfinta ke tarihi ko harsuna kuwa, malaminta ɗakin karatu da kuɗin tafiya kawai yake buƙata, don haka ko ya yi aikin da ya girgiza fanninsa, lissafin ba ya ganinsa. Kuma rukuni ɗaya ya kwashe Jami'ar Johns Hopkins, mai kashe fiye da dala biliyan 3 a shekara, da wadda da ƙyar ta tsallake miliyan 50. Tambarinsu iri ɗaya.

Akwai kuma dabara. Kuɗin da jami'a ta ware daga aljihunta yana shiga lissafin, ba sai tallafin da aka ci a gasa ba. Saboda haka shugabannin da suka ƙwallafa rai a kan R1 kan buɗe sababbin shirye-shiryen digirin digirgir, su rage wa masu bincike lokutan shiga aji, su bar ƙananan azuzuwa a hannun ɗaliban digirgir da malaman wucin gadi. A ganina ɗalibin digirin farko ne ke biyan wannan farashin. Ga kwalejoji irin su Williams da Amherst, waɗanda Amurkawa ke rububin shiga, ba sa ba da digirin digirgir, don haka ba ruwansu da R1.

Inda tambarin ke da amfani shi ne ga malamanmu matasa masu neman digiri na uku, musamman a kimiyya da injiniya. A jami'ar R1 an fi samun ɗakunan gwaji da gurbin da za a yafe maka kuɗin makaranta a kuma ba ka alawus, kai kuma ka taimaka a bincike ko koyarwa. Amma ko a nan, sashe ake dubawa. Mai nema ya buɗe teburan NSF, domin sun rarraba kuɗin fanni-fanni, ya ga nawa ake kashewa a nasa fannin. Ya duba ko malamin da zai duba aikinsa yana da tallafi a hannu da shekarun da suka rage masa, ya tambayi shekara nawa sashen ke ba da tabbacin alawus, da yawan waɗanda suka kammala cikin waɗanda suka fara. Sashen noma na wata jami'ar R2 na iya fin na wata R1 nesa ba kusa ba.

Iyaye kuma su nemi dillali ya nuna musu shaidar cewa wata hukumar tantancewa da aka amince da ita ta tantance makarantar, domin wannan takarda ce daban, kuma ita ce za ta sa a karɓi shaidar karatun yaro idan ya dawo gida.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku a Zariya