Anti a ba ni shawara, mi zan ba ɗiyana su yi a gida wanda ba waya ba?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lahiya ke da dukkan masu aikin shirin nan, Allah ya saka da alheri bisa yadda kuke sauraren damuwarmu mu mata. Ni mai sauraronki ce daga Mabera nan cikin garin Sakkwato, ina da ɗiya ukku, babban namiji shekara 7, mai bi mishi mace shekara 4, sai auta da bai cika biyu ba. Matsalata wasu za su ce ƙarama ce amma ni wallahi ta hana ni sukuni, ban san abin da zan ba yaran nan su yi ba in suna gida, abin da zai riƙe hankalinsu, ba ya cin kuɗi, kuma ba waya ba ce.

Gidan haya muke, ciki da falo, tsakar gidan kuma mu da wasu iyalai muke raba ta, ga igiyar shanya ga murhu ga randuna. Maigida ya hana su hita waje wasa saboda masu mashin da Keke Napep da ke gudu cikin lungu, ga kuma labarin ɓatan yara da ake ji, kuma ni ma ina bayanshi a kan wannan ɗari bisa ɗari. To amma kin san garinmu, daga Maris zuwa Mayu zahi kan wuce digiri 40, da hantsi ya yi ba mai iya taka simintin tsakar gida ba takalmi, wuta kuma in an ɗauke sai yadda Allah ya yi. In ana boko da sauƙi, su dawo su ci abinci su ɗan kwanta sai Islamiyya. Amma yanzu da anka yi hutu tun sahe har la'asar muna cikin ɗaki guda ni da su, ana kuka ana faɗa ana hawan kujera, ga dogon hutu na tahe wajen ƙarshen Yuli lokacin damina, shi kuma ruwa da caɓi ne za su tsare mu.

Abin da ke sa su shiru waya ce kawai. Da an kunna katun ko tari ba ka ji. Sai dai ranan na ji wata ma'aikaciyar lahiya a rediyo tana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ma ƙasa da haka ne ya fi. Tun ranan hankalina bai kwanta ba, don na ga alama a jikin ta tsakiyar, in anka karɓe wayar sai ta faɗi ƙasa tana birgima, abinci ma ba ta ci sai da kallo, babban kuma ya koyo wasu kalmomi da tsalle-tsalle na faɗa da ban san inda ya samo su ba. Ga kuɗin data ga kuɗin caji a shago, duk daga ribar awarar da nake soyawa da marece.

Kayan wasa na kasuwa kam na hid da rai. Tun da anka cire tallahin mai a Mayun 2023 komi ya tashi, wanda ke lissahin gero da mai da kuɗin makaranta ina ya ga na motar roba. Kuma ko ka daure ka saya a tsohuwar kasuwa, kahin dare taya ta hita, gobe sai kuka.

Abin da ke ba ni tausayinsu shi ne mu ba haka munka tashi ba. Ni a wajen kakata na girma can ɓangaren Wurno, kuma ba wanda ya taɓa saya muna abin wasa amma yini ba ya isar mu. Bayan girbi kara ko'ina, maza su fere shi su yi mota da jirgi har da tabarau, mu mata mu yi 'yar tsana mu ɗaura mata zane da ƙyalle mu yi mata kitso da zare. Mu yi tuwon ƙasa a gwangwani da miyar ganye, mu yi carafke da tsakuwa, mu ɗebo yumɓu a fadama mu gina 'yan tukwane da kasko da shanu mu shanya a rana. Da dare in akwai farin wata a yi gaɗa, in an gaji a kewaye tsohuwa, ga ta nan ga ta nan ku, ta zo mu ji ta, sai Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe mu. A can na koyi ƙirga, a can na koyi riƙe allura, ba a aji ba. Ɗiyana kuwa ko karan dawa ba su sani ba sai a bakin danga in mun je ƙauye da sallah.

Don haka na ce bari in gwada abin da ke hannu. Na roƙi kwali a shagon unguwa, munka yi mota babba wadda autan ke shiga ciki suna turawa, da marahun robar lemo a matsayin fitila. Na tara marahun kwalba, ta tsakiya tana ware su kala-kala tana ƙirgawa, babban kuma na zana mishi gidajen dara a bayan kwali ina koya mishi. Telan da ke mana ɗinki ya ba ni ragowar ƙyalle cikin leda kyauta, munka yi 'yar tsana da ƙwallo. Na kwaɓa fulawa kaɗan da gishiri da ɗigon mai ya zama abin mulmulawa, na yi musu kala da ruwan soɓo da kurkum da bular wanki suna shafawa a takardun tsohon littahi da tsinke mai auduga. Wanda ya fi burge ni shi ne na ruwa, in ba su kofi da tsohon buroshi su yi ta zane a bango da siminti wajen inuwa, kahin su juya zahi ya busar da shi su sake wani, ba datti ba asara. Ranar da sunka yi da gawayi kam sai da matar mai gidan ta yi magana, da gaskiyarta, na wanke bangon.

To Anti ga inda nake neman taimakonki. Duk wanga abu ba ya ɗorewa sai in ina zaune tare da su. Da na tashi in jiƙa waken suya ko in ɗora tukunya shi ke nan an watse, babban ya ƙwace na ƙanwarshi, ita ta fasa mishi mota, sai a dawo Mama waya Mama waya. Shin yaro ɗan shekara huɗu dama ba ya iya wasa shi kaɗai na tsawon lokaci ne, ko akwai yadda ake saba mishi a hankali? Kuma tazarar shekarunsu tana wahal da ni ƙwarai, abin da ke yi wa babban daɗi autan ba shi da wuri a ciki, shi kuma komi ya gani sai baki, marhin kwalba, tsakuwa, wake, har ƙullin fulawar nan mai gishiri na ciro daga bakinshi. Ina jin tsoron shaƙewa sosai. Wane irin wasa ne zai haɗa su ukkun ba tare da ƙananan abubuwa ba?

Sai maganar Inna, mahaihiyar maigida, wadda ta kan zo ta kwana biyu wurinmu. Mutuniyar kirki ce kuma tana son jikokinta, amma da ta ga fulawar nan ranta ya ɓaci, ta ce wasa da abinci a wannan zamani almubazzaranci ne, kuma ni na ga gaskiyarta, don haka na daina. Inda munka rabu shi ne 'yar tsana da dabbobin da babban ke mulmulawa, ta ce siffar abu mai rai ce kuma tana hana mala'iku shiga gida, ta sa anka zubar. Ni kuma a Islamiyya an karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su da ƙawayenta a gidan Annabi sallallahu alaihi wa sallam. Ban ja da ita ba don ba tarbiyyarmu ba ce, maigida kuma ya ce in bar maganar. Amma yarinyar ta yi kuka har ta gaji a kan 'yar tsanarta. Dan Allah in za ki gayyato malami cikin shirin ya yi muna bayani a kan wasan yara da siffofi, mi ya halatta mi bai halatta ba, sai in kunna rediyon lokacin da Inna na nan ta ji daga bakinshi, hakan ya fi mutunci da a ce daga bakina ya hito.

Akwai kuma batun yumɓu. Shi nake so in koma mawa tun da fulawa ta hita, ba kuɗi kuma yara na son shi, amma ban manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, da gubar dalma daga dutsen zinari da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Na san wancan daga wurin haƙar ma'adini ne, amma uwa ba ta rasa tsoro. In na sayi yumɓu wajen masu ginin tukwane ba komi yaro ya yi wasa da shi in dai an wanke hannu? Wata maƙwabciyata kuma ta ce in fasa tsohon batirin rediyo in shafa baƙin cikinshi a katako ya zama allon rubutu da alli kamar yadda ake yi a makarantun ƙauye, ni dai jikina bai ba ni ba da mai rarrahe a gida, ki tambaya muna likita.

Na yi tunanin in tara matan gidan namu mu riƙa yin karɓa-karɓa, yau yaran duka a ƙohar wannan ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici ko ta koya musu waƙar gaɗa, gobe a ƙohar waccan, kowa ta samu ta yi aikinta. Sai dai kin san zaman haya, faɗan yara shi ke zama faɗan manya, kuma ɗaya daga cikinsu ta riga ta ce ita ba ta yin tatsuniya da rana don an ce mai yi ɓacewa yake. Ya kike ganin zan kawo maganar ba tare da an ce ina son in jibga wa mutane ɗiyana ba?

Ki yi haƙuri na tsawaita. In akwai uwaye masu saurare da ke cikin ɗaki ɗaya irin nawa kuma sun samo dabara, dan Allah a ba su dama su kira su faɗa, musamman abin da za a yi tsakanin azahar da la'asar. A sakaya sunana.

Taki mai sauraro,
Maman yara ukku, Mabera, Sakkwato