Google da Facebook: Ba a Ƙuri'ar Injiniya Ake Gane Inda Suka Karkata Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, mun rubuto ne kan wata magana da ke yawan dawowa a labaran ƙetare da ake fassara mana: wai manyan kamfanonin fasaha na Amurka 'yan jam'iyyar Democrat ne, hujja kuwa ita ce can yawancin ma'aikatansu ke kai gudummawar kuɗi. Lissafin ba ƙarya ba ne. Fassarar da ake masa ce ke buƙatar gyara.

A dokar Amurka, duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta haura dala 200, sai an rubuta sunansa da sana'arsa da inda yake aiki, kuma hukumar zaɓe ta wallafa. Wannan jerin ne 'yan jarida ke tattarawa su ce "Google ta ba wane kaza." Ba Google ce ta bayar ba, doka ma ta hana kamfani ya ɗebo daga asusunsa ya miƙa wa ɗan takarar tarayya kai tsaye. Albashin ma'aikaci ne. Kamfanin yana da nasa asusun siyasa dabam, wanda bai wuce ya ba ɗan takara dala 5,000 a kowane zaɓe ba, kuma shi wannan asusun raba ƙafa yake yi tsakanin jam'iyyun biyu, domin kwamitocin majalisa da ke iya kiran shugabansa gabansu yau suna hannun wannan, gobe suna hannun wancan. Injiniyan da ke gyaran taswira ko akwatin imel ba shi da hannu a kan wane rubutu za a sauke. Wanda ke son ganin inda son kai ke shigowa sai ya bi rubutu ɗaya daga lokacin da aka kai ƙararsa zuwa lokacin da aka yanke masa hukunci.

Ga yadda tafiyar take a Facebook, kuma ta sauran ba ta yi nisa da haka ba. Sashen tsara ƙa'idoji ne ke rubuta dokar: mene ne kalaman ƙiyayya, mene ne tunzurawa, waɗanne ƙungiyoyi ne ke jerin masu haɗari. Daga nan manhajar tantancewa ke bin rubuce-rubuce tana ba kowanne maki. Wanda makinsa ya haura wani ma'auni a sauke shi ba tare da mutum ya gani ba, na tsaka-tsaki kuma a jefa shi layin masu tacewa. Su masu tacewar galibinsu ba ma'aikatan kamfanin ba ne, 'yan kwangila ne a wurare irin su Manila da Dublin da Nairobi, kuma ana auna su da agogo. A cibiyar Nairobi da kamfanin Sama ya gudanar har zuwa 2023, wadda ta ƙunshi masu duba Hausa, abin da ake so shi ne a gama da kowane rubutu cikin ƙasa da minti ɗaya, a kan albashin da na ƙasa-ƙasa ke tashi kusan dala ɗaya da rabi a awa. Mataki na ƙarshe shi ne wanda ba a cika faɗa ba: idan mai rubutun babban mutum ne, sai a ɗauke shari'ar daga hannun mai tacewa a haura da ita bene.

A benen nan gizo ke saƙa. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna wani tsari mai suna XCheck da ya ware asusu kusan miliyan 5.8 na 'yan siyasa da fitattun mutane daga hukuncin da ke kan kowa. Mafi muni, jami'an da ake tuntuɓa kafin a taɓa ɗan siyasa su ne kuma masu aikin lallaɓar gwamnatoci don kada a ƙulla wa kamfanin doka. A Indiya, jaridar Wall Street Journal ta ba da labari a watan Agustan 2020 cewa shugabar wannan sashe, Ankhi Das, ta hana a hukunta T. Raja Singh, ɗan majalisar jiha na jam'iyyar BJP mai mulki, kan kalamansa a kan Musulmi, saboda gudun kada kasuwancin kamfanin ya taɓu. Sai da labarin ya fasu aka rufe asusunsa, ita kuma ta ajiye aiki a watan Oktoba. Ba ruwan wannan da Democrat ko Republican. Kasuwa ce mai ɗaruruwan miliyoyin mutane, da gwamnatin da ke iya rufe ƙofarta.

Ƙofa ta biyu ita ce harshe, kuma ita ta fi shafar masu karanta jaridarka. Manhajar tantancewa ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata da dubban misalan da mutane suka yi wa alama. Harshen da ba a tara masa misalai ba, ko dai a bar shi kara zube, ko a riƙa sauke shi bisa kuskure. A watan Mayun 2021 Instagram ya toshe rubuce-rubuce masu ɗauke da sunan Masallacin Al-Aƙsa, domin an rikita sunan da na wata ƙungiya da ke jerin masu haɗari. Binciken da Meta, mamallakiyar Facebook da Instagram, da kanta ta sa wani kamfani mai suna BSR ya yi, wanda ya fito a watan Satumban 2022, ya gano cewa an tsananta wa rubutun Larabci fiye da kima, alhali a lokacin babu manhajar gano kalaman ƙiyayya da Ibrananci. Ba sai wani ya zauna ya ƙulla makirci ba: harshe ɗaya na da mai gadi a ƙofa, ɗayan ba shi da shi. Irin wannan ne ya faru a nan gida a watan Oktoban 2020, da Facebook da Instagram suka riƙa liƙa wa hotunan zanga-zangar EndSARS tambarin labarin ƙarya, daga baya suka ba da haƙuri.

To, su masu ra'ayin riƙau na Amurka, kukansu na banza ne? A'a. A watan Oktoban 2020 Twitter ya hana yaɗa labarin jaridar New York Post kan kwamfutar Hunter Biden, ɗan Joe Biden da ke takarar shugaban ƙasa, ana saura makonni uku zaɓe, kuma shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, da bakinsa ya ce kuskure ne. A watan Agustan 2024 shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ya rubuta wa majalisar wakilai cewa jami'an gwamnatin Biden sun matsa wa kamfaninsa kan sauke wasu rubuce-rubucen korona. Amma akwai hujjar da ke ja ta ɗaya gefen. Binciken da Twitter ya yi wa kansa ya fitar a watan Oktoban 2021 ya duba ƙasashe bakwai, ya samu cewa a shida daga ciki tsarin da ke zaɓa wa mutum abin da zai gani ya fi ɗaga muryar 'yan siyasar ɓangaren dama, wato masu ra'ayin riƙau. Jamus ce kaɗai ta fita dabam. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an gina tsarin ne ya ƙirga dannawa da martani da turawa, abin da ya tada jijiyar wuya kuwa shi ya fi samun su.

Abin da ya biyo bayan zaɓen 2024 ya isa ya raba gardama. Kamfanin Meta, wanda ya dakatar da Donald Trump a watan Janairun 2021, shi ne ya ba da dala miliyan ɗaya don bikin rantsar da shi, ya amince ya biya dala miliyan 25 don kashe ƙarar da Trump ya kai shi, kuma a ranar 7 ga Janairun 2025 ya soke aikin masu tantance gaskiyar labari a Amurka. Amazon da Google da Microsoft su ma kowanne ya ajiye miliyan ɗaya. Elon Musk, wanda ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a 2022, ya kashe sama da dala miliyan 250 wajen taya Trump da jam'iyyarsa yaƙin neman zaɓe. Injiniyoyin ba su sauya sheƙa cikin dare ɗaya ba. Mai riƙe da gwamnati ne ya sauya. Mu ma mun ga ɗan samfurin wannan: bayan Twitter ya goge saƙon Shugaba Buhari a watan Yunin 2021, an rufe shi kwana 222, kuma ba a buɗe ba sai da gwamnati ta sanar cewa ya amince da sharuɗɗanta, ciki har da rajista da biyan haraji.

Yanzu ga siyasa a cikin ofis, inda aka fi yin kuskuren fahimta. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, wanda ake yawan ambata kan 'yancin faɗin albarkacin baki, gwamnati kaɗai ya ɗaure wa hannu, bai shafi kamfani mai zaman kansa ba. A kusan duk jihohi ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ba da dalili ba, muddin dalilin ba haramtacce ba ne kamar launin fata ko addini ko jinsi. Ra'ayin siyasa ba ya cikin wannan jeri a dokar tarayya. Kariya biyu ce ta rage. Ɗaya, sashe na 7 na dokar ƙwadago ta 1935, wanda ya kare ma'aikata idan sun haɗu suna magana kan albashi da yanayin aiki. Biyu, dokokin wasu jihohi, kamar sashe na 1101 da 1102 na dokar ƙwadagon Kalifoniya, da suka hana mai kamfani tilasta wa ma'aikaci bin wata aƙidar siyasa.

Shari'ar James Damore ta nuna inda iyakar take. A 2017 wannan injiniya na Google ya rubuta takarda mai shafi goma yana zargin kamfanin da danne masu ra'ayin riƙau, yana kuma cewa bambancin halitta na cikin dalilan ƙarancin mata a aikin injiniya. An kore shi a watan Agusta. Da lauyar hukumar ƙwadago ta duba, sai ta raba takardar gida biyu: sukar manufofin kamfani tana da kariya, maganganun kan halittar mata ba su da ita, kuma tunda a kan na biyun aka ce an kore shi, korar ta halatta. Ma'ana, sakin layi ɗaya na iya rushe kariyar shafi tara.

Shekara ɗaya bayan haka ma'aikata ne ke da ƙarfi. Dubban ma'aikatan Google suka sa hannu a takardar koke kan Maven, aikin nazarin hotunan jirage marasa matuƙa na ma'aikatar tsaron Amurka, Google ta ce ba za ta sabunta kwangilar ba. Ranar 1 ga Nuwamban 2018 kimanin mutum 20,000 suka fice daga ofisoshi a faɗin duniya kan dala miliyan 90 da aka ba Andy Rubin, wani babban jami'in Google, na sallama duk da zargin lalata da ke kansa. Daga nan aka fara janye igiya. A watan Agustan 2019 Google ta fitar da ƙa'idar hana zazzafar muhawarar siyasa a zaurukan hira na cikin gida. A watan Satumban 2020 shugaban kamfanin kuɗin kirifto na Coinbase ya ce wanda ba zai iya aiki ba sai da gwagwarmayar siyasa ya karɓi albashin wata huɗu zuwa shida ya kama gabansa, mutum 60 suka karɓa, wato kashi 5 cikin ɗari. Wani ƙaramin kamfanin manhaja mai suna Basecamp ya kwaikwaya a watan Afrilun 2021, ya wayi gari kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa, waɗanda ba su kai 60 ba, sun tafi. A ganinmu bambancin shi ne a Basecamp dokar ta faɗo ne ana tsakiyar wata rigima ta cikin gida, kowa ya san bakin wa ake son rufewa.

Dokar "ban da siyasa a wurin aiki" ba laifi ba ce a kan kanta. Ofishin da ake rigimar Gaza da zubar da ciki a zauren da ake raba aiki ba zai yi daɗin zama ba. Inda take lalacewa shi ne wa ke da ikon cewa wannan siyasa ce, wancan kasuwanci ne. A watan Afrilun 2024 ma'aikatan Google suka yi zaman dirshan a ofisoshin New York da Sunnyvale kan Nimbus, kwangilar dala biliyan 1.2 da Google da Amazon suka ƙulla da gwamnatin Isra'ila. Aka kori 28, daga baya adadin ya kai kusan 50. Kamfanin ya ce sun mamaye ofis sun hana wasu aiki, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a gaban alƙali. Sai dai sa hannu a kwangilar kasuwanci ne, ƙin ta kuma siyasa. Haka SpaceX, kamfanin rokoki na Musk, ya kori wasu ma'aikata a 2022 kan wasiƙar da suka rubuta suna sukar halayen Musk, mutumin da ke kiran kansa mai kare 'yancin magana ba iyaka.

Matasanmu da ke yi wa kamfanonin waje aiki daga Kano ko Kaduna ko Yamai su lura cewa ko wannan 'yar kariyar ba ta kai gare su. Dokar 1935 ba ta kare ɗan kwangila mai zaman kansa ba, balle wanda ke wata ƙasa. Kafin sa hannu a duba abu uku a takardar: dokar wace ƙasa ce za ta yi hukunci idan an saɓa, ko an wajabta sasanci a bayan fage maimakon kotu, da ko ƙa'idar amfani da kafofin sada zumunta ta haɗa da shafin mutum na kansa. A kuma ɗauka cewa duk abin da aka rubuta a manhajar hira ta Slack ko imel na kamfani mai gidan na iya karantawa.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, idan wakilin Meta ko Google ko TikTok ya sake zuwa Abuja taron manema labarai kafin zaɓen 2027, kada wakilinka ya ɓata lokaci kan wa suke so a Amurka. Ya tambaye su mutum nawa ne ke duba rubutun Hausa a yanzu, a wace ƙasa suke zaune, ko sun iya bambance habaicin Bakano da barazana ta gaske, ko manhajarsu na karanta Ajami, da kuma teburin wa ake kai shari'ar idan gwamna ne ko minista ya yi rubutun.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu karatu, daga Zariya